Filin ƙwallon kwaleji da mutanen gari: abin da na koya kafin in ajiye aiki

Tun da na ajiye aikina a sashen wasanni na kwalejin ilimin da na yi wa hidima, abokan aiki daga wasu makarantu suke tambayata yadda muka yi har filin ƙwallonmu ya riƙa cika da jama'a, amma kaɗan ne suke tambayar yadda aka yi ya sake komawa wayam. Amsar tambaya ta biyu ce za ta fi amfanar wanda ya gaje ni.

Lokacin da aka ɗora mini alhakin tara 'yan kallo, hankalin kowa a ofis yana kan ɗalibai ne, tunda suna cikin harabar makaranta, ba sai sun biya kuɗin mota ba. Sai dai ɗalibin NCE shekara 3 yake yi ya tafi, kuma a cikin shekarun nan akwai hutu, akwai jarrabawa, akwai watannin da ake tura shi koyarwar gwaji, ga yajin aikin malamai da kan rufe makaranta ba shiri. Wanda ba ya zuwa ko'ina shi ne mutumin gari, wato tela, da mai shayin bakin ƙofa, da ɗan a-daidaita-sahu, da yaran da ke buga ƙwallo a fegin unguwa kowace yamma. Waɗannan sun fi mu son ƙwallo, amma sun saba ganin ƙofar kwaleji a matsayin wurin da masu gadi ke tsare mutum da tambayoyi, don haka ba sa kusantarta sai da dalili mai ƙarfi.

Babban abokin hamayyarmu kuwa gidan kallo ne. Wasannin Firimiyar Ingila da ake takewa ƙarfe 3 na ranar Asabar agogon can, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris suna faɗowa ne ƙarfe 4 agogon Najeriya, daidai lokacin da aka idar da La'asar mu ma muke shirin take namu, kuma babu matashin da zai bar Arsenal ko Chelsea don ya kalli ɗaliban da ko sunansu bai sani ba. Saboda haka muka mayar da wasanninmu na gida ranar Alhamis, ranar da yawancin makarantun allo da Islamiyyu suke hutu, muka kuma ɗaure kanmu da ƙa'idar take wasa da zarar an sallame La'asar, domin minti 90 da hutun rabin lokaci suna cin kusan awa biyu, a lokacin hunturu kuwa Magariba ba ta jinkiri.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne ba wa ƙungiyoyin unguwanni filin su buga gajeren wasa kafin namu. Na bi masu unguwanni da limamai gida-gida na nemi izininsu, na zauna da masu horar da yaran, waɗanda yawancinsu daga aljihunsu suke sayen ƙwallo. Yaron da bai taɓa taka fili mai layi da raga ba, idan aka ce zai buga a kwaleji, ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya taho da yayyensa da abokansa, wani lokaci har da mahaifinsa. Muka roƙi a buɗe ƙaramar ƙofar da ke kallon unguwa, muka bar masu rake da gyaɗa da ruwan leda su shigo ba tare da an karɓi ko sisi a hannunsu ba, dattawa kuma suka zaɓi gindin bishiyoyin dogon yaro da ke gefen yamma suka mai da shi wurin zamansu, har wasu sukan taho da tabarmi. Da aka yi nisa, sai ga masu kalangu sun fara zuwa ba tare da an gayyace su ba, yara kuma suka laƙaba wa 'yan wasanmu sunaye. A lokacin nakan kawo wa abokan aiki misalin Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma jera ta sau uku daga 2012 zuwa 2014, ta yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gida ba sai a 2015. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa ya san cewa mutanen da ke cika shi suna ganin ƙungiyar tasu ce, kuma irin wannan jin muke nema, gwargwadon ƙarfinmu.

A wannan hali ne shugaban sashenmu ya ga dama ta samu. Makon bikin yaye ɗalibai ya ƙarato, an shirya wasan sada zumunci da wata makaranta maƙwabciyarmu, sai ya gayyato wani babban ɗan siyasa da fatan idan ya ga cikar filin zai yi alƙawarin gina mana wurin zaman 'yan kallo. Neman gudummawa ba laifi ba ne, kuma filin yana bukatarta. Amma domin a dace da lokacin baƙon sai aka mayar da wasan ranar Asabar, aka soke wasan yaran unguwa alhali sun kwashe mako suna atisaye, aka ba da umarnin kulle ƙaramar ƙofa saboda tsaro, aka kuma ce babu mai shiga ta babbar ƙofa sai da katin shaida ko katin gayyata. Na rubuta masa takarda na bayyana abin da nake tsoro, na kuma same shi a ofis na ce, ranka ya daɗe, ko dattawan nan kaɗai a bar musu inuwarsu. Amsar da ya ba ni ita ce tara yara aikina ne, neman kuɗi kuma ba fannina ba ne.

Ranar wasan aka ja igiya a gindin dogon yaro, aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba waɗanda rabinsu babu wanda ya zauna a kai har aka tashi. Mutanen gari sun zo duk da sauya ranar, suka taru a bakin ƙofa cikin rana, masu gadi suna korar yara da dorina. Mai unguwar da ya fi kowa taimakona, dattijo mai furfura, ya iso cikin babbar riga, wani mai gadi da bai kai ɗansa ba ya tambaye shi katin gayyata. Bai yi musu ba, bai kuma aika a kira ni ba, ya juya ya koma gida, mutanensa suka bi bayansa. Baƙon bai iso ba sai da rana ta yi ja, aka yi jawabai, aka rage minti a kowane rabi, alƙalin wasa ya hura tashi ana kiran Magariba. Wurin zaman 'yan kallon da aka yi duk wannan dominsa, har yau ko bulo ɗaya ba a ajiye ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya an buɗe ƙaramar ƙofa, amma ban da masu rake biyu babu wanda ya shigo ta cikinta, su ma ba su daɗe ba. Masu horar da yara suka daina ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinsu ba, domin da bakina na yi musu alƙawari. Bayan 'yan makonni sai ga takardar tuhuma a kan teburina, ana neman in bayyana dalilin raguwar 'yan kallo, mai ɗauke da sa hannun mutumin da ya sa aka kulle ƙofar. A rahoton ƙarshen shekara kuwa hotunan cikar filin na watannin baya suka fito a ƙarƙashin nasarorin shugaban sashe. Na amsa tuhumar da layi kaɗan, na manna kwafin takardar da na rubuta masa tun farko, ba a kuma sake tayar da zancen ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Saƙon murya ɗaya daga mai horar da yaran unguwa a WhatsApp ya fi fasta goma a Facebook kawo mutane. Gasar HiFL, wato gasar ƙwallon manyan makarantun Najeriya, da aka fara a 2018 ta nuna amfanin ba wa ƙungiyar makaranta suna da riga ta kanta, amma rigar ba ta kawo ɗan kallo idan ranar wasa tana sauyawa. A ɗauki ɗaliban da suka tashi a garin cikin ƙungiya idan sun cancanta, domin danginsu ba sa fashi. Duk wata shawara da aka ba na sama a rubuta ta, a kuma ajiye kwafi.

Na bar wa magajina littafin da ke ɗauke da lambobin masu horarwa da sunayen unguwanninsu, na kuma gaya masa kada ya buga fasta ko ɗaya kafin a je gidan mai unguwar nan a ba shi haƙuri. Ni na je a kan kaina, ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai ba ni na yi masa ba. Wanda ya yi masa ɗin kuwa, har ranar da na bar ofis bai taka unguwar ba.