Saƙon Godiya Bayan Fitowar Gajeren Fim Ɗinmu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya nuna mana ranar da gajeren fim ɗinmu ya fito bayan shekarun da aka yi ana tambayarmu labarinsa. Tun daren da aka haska shi saƙonnin taya murna ba su yanke ba, kuma tun da ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a.

Asalin fim ɗin wata waƙa ce da na ji wani dattijo mai goge yana rerawa, wadda ya ce shi ma a bakin mahaifinsa ya tsince ta, ba a taɓa rubuta ta ba balle a naɗe ta. Mun fara ɗauka ke nan sai annobar korona ta shigo, dokar kulle ta shekarar 2020 ta watsa mu kafin mu kai rabi. Da aka buɗe gari kuma, kuɗi suka yanke.

Amma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne sauti. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, a kan ƙoƙon da aka rufe da fata, kuma da zarar iska ta yi laima sai fatar ta saki, muryarsa ta sauka, ta yadda abin da muka naɗa da rani ya ƙi haɗuwa da na damina. An ba ni shawarar in cike gurbin da kiɗan kwamfuta, na ƙi, domin a ganina da na yarda da hakan, da dalilin yin fim ɗin ya kau. A nan nake miƙa godiya ta musamman ga mai tace mana sauti, wanda ya kwana dare da yawa yana daidaita motsin yatsun Baba da kukan gogensa. Hotuna 24 ne ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, in aka kauce da biyu ko uku, idon mai kallo zai kama. Shi ne kuma ya hana a yanke wurin da Baba yake shafa ƙaro a tsirkiya, ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya ɗauko baitin farko.

Ina godiya ga mai ɗaukar hoto, da 'yan wasan da suka dawo aiki ba tare da sun ɗaga maganar haƙƙinsu ba, da 'yan'uwan da suka ba ni rance ba su sa mini ranar biya ba.

Baba bai ga fim ɗin ba, Allah ya yi masa rasuwa muna tsakiyar tacewa. Iyalansa ne suka ba mu izinin ci gaba, su muka fara nuna wa, kuma da aka zo wurin gyaran muryar nan uwargidansa ta rufe fuska da mayafi, ta ce a mayar mata da shi baya. Sunansa ne farko a jerin waɗanda suka yi aikin, gaba da nawa. Ina roƙon duk wanda ya kalla ya sa shi cikin addu'a. Allah ya jiƙansa, ya saka wa iyalansa da alheri.