Taraktar Baba ta sake tashi

Tun bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, taraktarmu take ajiye a gindin darbejiya a gidan gona, damina biyu cur ba wanda ya taɓa ta, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wajen saka ƙwai. Massey Ferguson 135 ce, irin jar nan da aka riƙa ƙerawa a Ingila, injin Perkins mai silinda uku. Yayyena suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin kowa ya huta, ni dai na roƙe su su ba ni rani ɗaya tak, don wallahi zuciyata ba za ta iya ganin ana yanka ta da wuta ana ɗorawa a sikeli ba.

Na ɗauko wani tsohon bakanike da ya daɗe yana yi wa Baba gyara. Ni duk tunanina injin ne ya buga, har na fara lissafin kuɗin zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kayan gyara. Shi kuwa ko sifana bai ɗauka ba, ya tsuguna ya kwance ɗan kofin gilashin nan na ƙasan filta ya ɗaga mini a rana, rabinsa ruwa ne da tsatsa, gas ɗin yana yawo a sama. Ya ce, "Ɗana, lafiyarta lau, zama ne ya cinye ta, da kuma man jarka da aka dinga ɗura mata."

Kwana uku muka yi a kanta. Muka sauke tanki muka wanke, muka canja filta da baƙin mai da fanbel, wayoyin da ɓeraye suka gaigaye ya sake su, lagireto kuwa ƙaiƙayi da gidan zanzaro sun toshe shi gaba ɗaya sai da muka yi ta watsa ruwa ta baya. Abin da ya fi ba mu wahala cire iska, ni ina danna ɗan hannun famfon mai har babban yatsana ya yi ƙanta, shi yana sassauta noti ɗaya bayan ɗaya, kumfa na fita kumfa na fita, sai da gas ya fito zalla sannan ya ɗaure. Batir ya mutu tuni, sai muka tara samarin ƙauye suka tura ta a gangaren bakin rijiya. Ta yi tari sau biyu, ta saki hayaƙi baƙi ƙirin, ta kama. Inna da ke tsaye a bakin zaure ta juya ta shige ciki tana share ido da mayafi.

Sauran aikin gidan ma yana nan jingim, katangar gabas ta tsage tun ruwan bara saboda indararo ya karye, gara ta ci azarar ɗakin ajiya, ga rumbu yana son sabuwar jinka. Amma na fara da kafa mata rumfar kwano, ba za ta sake kwana a ruwa ba, kuma duk Juma'a sai na tayar da ita ta yi ɗumi ko ba aiki.

Tayar baya ta hagu ce ta rage, ta tsattsage sosai kuma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina yanzu, ina cigiyar ta hannu mai ɗan dama kafin ruwan shuka ya sauka. In sha Allahu bana da ita zan yi haro a gonar fadama.