Zaɓen Inji ga Ƙaramar Mota Mai Gudu a Zafin Garwa

Garejina yana unguwar Yelwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma mafi yawan abincinmu daga motocin haya ne da na 'yan kasuwa: Corolla, Carina E, Starlet, jefi-jefi Hilux. A 'yan shekarun nan sai wani aiki ya ƙaru mana. Samari ne da suka tara kuɗi suka sayi ƙananan motoci masu gudu na hannu, irin su Civic ƙirar EG ko EK, Golf 3 GTI, Corolla mai ƙofa biyu, wani lokaci Celica. Yaro zai shigo da waya a hannu, ya nuna mini bidiyo daga Japan ko Jamus, ya ce, "Maigida, wannan injin nake so a ɗora mini." Ina son wannan aikin ƙwarai, domin a cikinsa ne bakanike yake nuna abin da ya iya. Amma kafin mu taɓa sifana sai na zaunar da shi a benci na yi masa tambayoyi: wane mai za ka riƙa sha, wace hanya za ka riƙa bi, kuma ranar da wani abu ya lalace, a ina za mu samo shi?

Maganar mai ita ce kan gaba. Litar man fetur, wanda muke kira super, a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kuma koma 840 a Fabrairun 2024. Saboda haka mutane da yawa ba su rabu da zuwa-zuwa na bakin titi ba, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ko da yake shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Man kwalba yau ka dace da mai kyau, gobe ka samu wanda aka gauraya, kuma ido ba ya rabewa. Injin da ke matse mai da iska sosai ba ya yafe wannan. Ɗauki Toyota. Injin 4A-FE da ke cikin Corolla ta yau da kullum yana matsewa kashi 9.5 zuwa 1, ƙarfinsa doki ɗari da 'yan kai. Ɗan'uwansa 4A-GE mai bawul 20, wanda samarinmu ke mafarki, kala biyu ne: mai farin murfi na 1991, doki 160, matsi 10.5, da mai baƙin murfi na 1995, doki 165, matsi 11. An ƙera su ne don man Japan mai ƙarfi. Ka zuba musu man da bai kai ba, a rana irin ta Afrilu da zafi ke haura digiri 40, sai man ya riƙa fashewa tun fulogi bai gama aikinsa ba. Daga cikin mota ƙara ce 'yar ƙarama, ƙas-ƙas-ƙas, idan an taka a hawa. A cikin injin kuwa ɓarna ce.

Na ajiye fistin guda a kan teburina don nuna wa masu zuwa. Daga irin wannan injin muka ciro shi. Samansa duk ya yi ƙananan ramuka, gefen da ringi na farko ke zama ya ɓalle kamar faɗin farce, ƙarfen wurin ya yi fari ƙal saboda wuta. Mai motar bai yi ganganci ba, yana canza baƙin mai a kan lokaci. Man da yake sha ne da zafin gari suka haɗu suka cinye masa inji. Duk wanda ya riƙe fistin nan ya juya shi a hannu, maganar da muke yi takan sauya.

Shi ya sa idan Corolla ce, shawarata ta farko 7A-FE ce, mai lita 1.8, wanda ke zuwa a Carina E. A takarda dokinsa bai fi na 4A-FE da yawa ba, shi ya sa samari suke raina shi. Amma yana ja tun daga ƙasa, ba sai allurar juyin inji ta haura dubu shida ba, kuma abin da direba yake ji a jikinsa ke nan idan zai wuce tirela a hanyar Marwa da mutum huɗu a mota. Yana zama a kan kujerun injin da ƙaramin gyara, yana haɗuwa da giyar da ke motar, matsinsa daidai da na 4A-FE, kuma idan bel ɗin tayimin ya tsinke fistin ba ya bugun bawul. Ka ja motar gida, a sa sabon bel, shi ke nan. Kayansa kuma ko a nan kasuwa za ka samu, balle Camp Yabassi a Duwala.

Wanda ya dage sai mai bawul 20, ba na hana shi, don gaskiya inji ne mai daɗi, kukan maƙogwaronsa huɗu kaɗai ya isa ya sa mutum murmushi. Sharaɗina biyu ne. Man fanfo kaɗai zai sha, kuma ba zai sayi injin tsirara ba. Ya zo da wayoyinsa cikakku, da kwamfutarsa, da na'urar auna iska idan mai farin murfi ne. Mafi kyau a sayi rabin mota da aka yanke, irin wanda ke fitowa daga Japan ya biyo ta Dubai. A tuna kuma motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, namu a hagu, don haka sai mai wayarin ya zauna ya ƙara tsawon wasu wayoyi, ya yi musu dalma, ya rufe da kyau. Wayar da aka murɗe da hannu aka nannaɗe da salatif, girgizar hanya za ta kwance ta, motar ta riƙa mutuwa ba dalili.

Honda kuwa, B16A abin yabo ne: lita 1.6, doki 160, yana juyawa har sau dubu takwas a minti. Sai dai a wajenmu kayansa ba su yawo, sai an aika Yola ko Kano, wani lokaci har Legas, kuma a can ma na D15 da D16 ne suka fi yawa. Idan bel ɗinsa ya tsinke bawul kan lanƙwashe. Tsarin VTEC, wanda ke ƙara buɗe bawul idan juyin inji ya yi sama, da matsin baƙin mai yake aiki, mai datti yana toshe 'yar rariyar da ke bakin solenoid, wato makunnin da ke buɗe wa man hanya, sai yaro ya dawo yana cewa motar ta daina "buɗewa". Akwai masu cewa a ɗora musu injin Honda a Corolla. Wannan ba na karɓa, domin waɗannan tsofaffin injunan Honda juyinsu ya saɓa wa na Toyota, a ɗaya gefen suke zama, kuma aikin zai koma yankan jiki da walda har motar ta rasa ƙwarinta. A Golf 3, mai lita 2 da bawul 8, doki 115, shi nake so. Mai bawul 16 yana ba da 150, VR6 kuma 174, amma VR6 ya cika gaban motar taf, ga nauyi, ga zafi, kuma robobin hanyar ruwansa sun tsufa, tsagewa suke yi. Turbo kuma, irin 4E-FTE na Starlet Glanza mai lita 1.3 da doki 135, duk abin da na faɗa kan mai da zafi a ninka shi.

Kowane inji aka zaɓa, ba na yarda a biya sai an gwada matsin kowace silinda. Idan bambanci tsakanin biyu ya wuce bar ɗaya a agogon gwajin matsi, a bar wa mai shi kayansa. A buɗe murfin baƙin mai a leƙa da tocila, a kwance fulogi huɗun a jera su a gani ko launinsu ɗaya. Injin da aka wanke ya yi fes a waje bai gaya maka komai ba.

Sai maganar ƙare-ƙare, kuma a nan muka fi jayayya da samari. Suna so kuɗin ya tafi ga abin da ake gani da abin da ake ji, ni kuma ina so ya fara tafiya ga sanyaya inji. Lagireto sabo mai kauri, murfinsa sabo, hos-hos sababbi, fanka mai tashi da kanta, da ruwan sanyaya na gaskiya. Ruwan rijiya yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a cikin bututu, a hankali ya toshe su. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a garejoji, ta cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, a yar, wai ƙasarmu akwai zafi. Ban yarda da ita ba. Na Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma da shi kwamfuta take lissafi. Idan babu shi, da safiyar hunturu injin ba ya ɗumi da wuri, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya ji. A injuna da yawa kuma shi ne yake rufe gajeriyar hanyar ruwa, idan an cire shi wani ruwan sai ya riƙa zagayawa bai shiga lagireto ba.

Matatar iska mai siffar mazurari da ake sawa a buɗe, ita ma ba ta mu ba ce. Iskar da take zuƙa mai zafi ce ta cikin bonet, kuma ƙurar hunturu tana ratsa ta. Ka sa yatsa a bututun bayanta bayan wata biyu, za ka fito da shi da gari ja mai laushi, shi ne yake cin ringi da bangon silinda. Akwatin asali da matatar takarda mai kyau, a riƙa canzawa da wuri, sun fi ta nesa ba kusa ba.

Birki ba na sassauci a kansa. Daga Ngaundare zuwa nan, mota tana saukowa daga tudu mai tsayin mita dubu da ɗoriya zuwa kwarin Binuwai, kuma duk direba ya san gangaren dutsen da ake kira falez da kwanoninsa. Tsohon man birki ya sha danshi, idan ya yi zafi tafasa yake yi, sai ka taka feda ta tafi ƙasa. Wanda ya ƙara wa motarsa doki hamsin, dole ya sa faifai da takalmin birki masu kyau, ya zubar da tsohon mai ya sa DOT 4, a duba hos ɗin roba ko sun kumbura. Ƙafa kuma a bar mota a tsayinta. Yanke sifirin don ta kwanta ƙasa, a titunanmu, fasa kaskon baƙin mai ne kawai. Shokazoba masu gas, bushin sababbi, rim 14 ko 15 da taya mai kauri, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Rim 17 da siririyar taya, rami ɗaya ya ishe shi. Salansa mai faɗi kaɗan ba laifi, amma wadda ta wuce kima tana rage jan ƙasa, ga damun maƙwabta da asuba.

Takardu ma aiki ne. Ƙarfin mota yana rubuce a kart giriz, wato takardar rajistar mota, kuma da shi ake lissafin inshora da vinyet, wato harajin mota na shekara. Wanda ya ɗora injin da ya fi na asali girma, nakan ce masa, "Ɗana, riƙe rasidin injin nan da lambarsa, ka je ofishin sufuri a daidaita takardarka," domin ranar da aka yi hatsari ko aka je bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, tambayar za ta taso.

Idan mun gama, ba na miƙa makulli da safe. Sai rana ta take, bayan azahar, na ɗauki mai motar mu kama hanyar Pitowa da na'urar sanyi a kunne. Na taka a giya ta huɗu tun injin yana ƙaramin juyi ina saurare ko zan ji ƙas-ƙas, mu tsaya a bar ta tana aiki a tsaye har fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta, sannan mu leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Idan allurar zafi ta gota tsakiya ko kaɗan, motar a gareji za ta kwana. Idan ta tsaya cak, ya tafi da ita, ya dawo bayan kilomita dubu a canza baƙin mai a sake bin kusoshin kujerun injin da na ƙafa.