Tsohon tarago da lambar da na goge

Jiya na miƙa makullin shago na kwashe kayan aikina, shekara biyu da wata huɗu kenan ni kafinta ina kan gyaran tsohon taragon jirgin ƙasa ɗaya tal. Waɗanda muka yi aiki tare kun san shi, wancan na katako da aka jawo daga bayan tasha gara ta cinye rabin daɓensa, awaki na kwana a ciki, har wani ya taɓa kafa murhu a kusurwa.

Abu ɗaya ne har yau yake ci min rai. A wata na biyar oga ya shigo afujajan wai manyan baƙi za su zo, yana so gefen da ke kallon ƙofa ya yi ƙyalli kafin Litinin. Na ce ranka ya daɗe fentin nan hawa hawa ne, a bar ni in kankare da hannu a hankali. Ya ce Malam ka sa inji kawai, ba darasin tarihi na ɗauko ka ka ba ni ba. To na sa inji. Ban yi minti ashirin ba na ga wani ruwan ɗorawa ya ɓullo a ƙarƙashin koren, kafin in ɗaga hannu ya zama ƙura. Lambar taragon ce ta asali. Kuma wallahi wayata na cikin aljihu, hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Akwai wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe da yake zuwa mana kullum, ba ko sisi ake ba shi ba, so ne kawai. Ya zo ya shafa wurin da tafin hannu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce ɗana ka goge masa suna. Ai gara ya mare ni. Shi ne tun ranar farko ya tsugunna ya auna tsakanin ƙafafun ya ce ƙafa 3 da inci 6 ne, wato na babban layi ne, irin wanda ya iso Kano daga Baro a 1911, ba na ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ba da aka buɗe a 1914 saboda kuza, shi wancan ƙafa 2 da inci 6 ne kuma tun 1957 aka rufe shi. Burin Baba shi ne mu samu lambar a bi tsofaffin rajista a ga shekarar da aka kawo shi, ko ya yi jigila Kauran Namoda da layi ya kai a 1929, ko Nguru a 1930, zamanin gyaɗa. Ni na kashe masa wannan burin da hannuna.

Da maganar ta kai sama oga ya ce kafinta ne ya yi gaban kansa. A gabana ya faɗa, ido cikin ido. Aka ba ni takardar gargaɗi aka yanke min albashin rabin wata. Laifina ban musa ba, na san abin da ya kamata na ƙi tsayawa a kai saboda tsoron bakin aiki. Amma shi ma ya san abin da ya ce, kuma Allah na nan.

Daga ranar ko ƙusa zan cire sai na ɗau hoto na sa mata lamba da alli na rubuta a littafi. Ku da za ku ci gaba, duk umarnin gaggawa ku ce a turo muku a WhatsApp. Katakon da rabinsa ya ruɓe ba a jefarwa, a yanke mataccen a yi masa ƙari. Maɗaci in bai bushe sosai ba hunturu zai tsaga shi. Kada a sa sukurun ƙarfe inda na tagulla yake, tsatsa za ta ci katakon. Tsohon fenti akwai dalma, a rufe hanci.

Ranar buɗewa oga ne a tsakiyar hoto, ni ina can baya riƙe da tsumma. Ba komai. Tagogin nan goma sha huɗu da ɗan yatsa ɗaya ake zuge kowacce, kowa ya san hannun da ya yi su.

Makon jiya ina gyara tagar ƙarshe na juya firam ɗin sai ga lambobi an buga su a jikin katakon ta ciki, 4 da 7, ta ukun gara ta cinye. Ban kai wa oga ba. Gidan Baba na wuce da shi bayan la'asar, ya sa tabarau ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya ce jikarsa ta ɗauko masa biro.