Asabar a gidan Kumaran Asan

Abokin ɗakina ya yi makonni yana mita cewa ba zai yiwu in shekara a Kerala, a kudancin Indiya, ban taɓa zuwa Thonnakkal, ƙauyen da gidan mawaƙi Kumaran Asan yake, ba. Yau dai na ba da kai. Bayan mun yi asuba muka sha shayi da soyayyar ayaba a bakin titi, muka hau bas daga Trivandrum muka yi arewa. Na kira kwandasta da "chetta", wato yaya, kamar yadda na ji ana yi, sai ya kwashe da dariya ya dafa kafaɗata. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Ni da na ji an ce gidan babban mawaƙi, na zaci bene zan tarar. Ashe ɗakunan ƙasa ne da rufin ganye, sai an sunkuya ake shiga, kamar ɗakin kakata. Nan Kumaran Asan ya yi shekarunsa na ƙarshe. An kewaye wurin da lambu, an gina cibiya da sunansa, ana ajiye da rubuce-rubucensa na hannu. Haruffan Malayalam, harshen Kerala, ni har yanzu kamar ƙwaryar da aka kifa nake ganinsu, don haka abokina ne idona.

An haife shi a 1873 a Kayikkara, wani ƙauyen bakin teku a masarautar Travancore. Mutanensa su ne Ezhava, waɗanda aka sani da aikin kwakwa da tatsar bammi, kuma a tsarin jinsi na wancan zamani, wato rabe mutane hawa-hawa bisa asalin haihuwa, suna ƙasa. Ba sa shiga manyan wuraren bauta, wasu hanyoyin ma ba sa bi, kuma idan sun hango ɗan Namboodiri, wato manyan Brahmanan ƙasar, gidajen masu jagorantar bautar Hindu, dole su ja da baya taku da yawa don kada su "ɓata" shi. Abokina ya ce min ba taɓawa kaɗai ba, kusanta ma laifi ce. Na tsaya ina kallon ƙofar ɗakin, ina tunanin mutumin da aka auna masa iya inda ƙafarsa za ta tsaya, amma yau 'yan makaranta na kowane gida suna haddace shi.

Wanda ya ɗora shi a hanya shi ne Sree Narayana Guru, malamin nan da ya yi kira da jinsi ɗaya, addini ɗaya, Ubangiji ɗaya ga ɗan Adam. Asan ya bi shi tun yana saurayi. Guru ya tura shi Bangalore wurin Dakta Palpu, wani likita ɗan Ezhava, daga nan ya wuce Kalkata ya ƙaro Sanskrit, harshen da ake ganin ba na irinsa ba ne. Da aka kafa SNDP Yogam, ƙungiyar neman ci gaban Ezhava, a 1903, Asan ne sakatarenta na farko, kuma a 1904 ya fara fitar da mujallarta Vivekodayam. Ya zauna a majalisar Travancore yana neman a buɗe wa mutanensa makarantu da aikin gwamnati. Har masana'antar jan bulon rufi ya kafa. Wannan ya burge ni, domin ba irin mawaƙin da ke zama a gindin bishiya yana jiran ilhama ba ne.

Muna cikin zagayawa sai ga wata malama da ɗalibanta, duk da fararen riguna. Ta sa wata yarinya ta rera baitoci daga Veena Poovu, waƙar da ya rubuta a 1907 a kan furen da ya faɗo ƙasa, wadda ake cewa ita ta buɗe sabon babi a waƙar Malayalam. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma karin ya tuna min da yadda muke jan Ishiriniya da daddare. Da malamar ta ga baƙon fuska sai ta tambayi daga ina nake, sannan ta ce in nemi wata waƙarsa mai suna Chandalabhikshuki, ita ce za ta fi shiga raina.

Abokina ya ba ni labarinta a gindin wata bishiya. Ananda, almajirin Buddha, ƙishi ya kama shi a hanya, ya iske wata yarinya a bakin rijiya ya roƙe ta ruwa. Ta tsorata ta ce ita ƙasƙantacciya ce, ruwan hannunta zai ɓata shi. Ya amsa mata cewa ba jinsinta ya tambaya ba, ruwa ya tambaya. Shi ke nan fa. Amma jikina ya yi sanyi, saboda a gidanmu kafin a gaisa da baƙo ana miƙa masa moɗa, ban taɓa tunanin akwai inda miƙa ruwa yake buƙatar jarumta ba. Sai kuma na tuna da wata 'yar uwata da aka hana ta wanda take so don kawai kakansa mahauci ne. Na yi shiru ban faɗa masa ba.

Inda muka yi gardama shi ne waƙarsa Duravastha ta 1922. Labarin Savithri ne, 'yar gidan Namboodiri, wadda rikicin Malabar na 1921 ya raba ta da gidansu, ta fake a bukkar Chathan, ɗan Pulaya mai aikin gona, daga jinsin da ke can ƙasa, har ta aure shi. A lokacin wannan tamkar jefa wuta ne a rumbu. Sai dai abokina Musulmi ne ɗan Malappuram, inda rikicin ya fi zafi, kuma ya ce kalmomin da Asan ya yi amfani da su a kan Mappila, wato Musulmin Malabar, a cikin waƙar masu kaifi ne, tun a wancan lokaci an yi ƙorafi. Na ce to me ya kawo ka nan, har da jawo ni? Ya ce a makaranta ya haddace shi, yana son sa, kuma wannan wurin yana ci masa rai, duka biyun. Ni dai na ga kamar mutumin da ya san zafin a yi wa jama'a kuɗin goro bai kamata ya yi wa wasu ba. Abokina ya ce in bari sai na karanta tukuna. Yana da gaskiya.

Ƙarshen Asan ne ya fi tsaya min. Ranar 16 ga Janairu 1924 jirgin ruwan da ya taso da shi daga Kollam ya kife a kogin Pallana. Sunan jirgin Redeemer, wato mai ceto. Nan ya rasu, shekarunsa 50. Bayan wata biyu da rabi aka fara zaman dirshan a garin Vaikom don neman a bar kowa ya bi hanyoyin da ke kewaye da wurin bauta, sai a 1936 Travancore ta buɗe ƙofofin bautar ga duk Hindu. Bai ga ko ɗaya ba.

A hanyar dawowa ruwan sama ya tsuge, kwandasta ya sauke labulen tagogi, bas ta yi duhu. Mun iso jiƙe sharkaf, takalmina har yanzu yana bakin ƙofa yana ɗiga. Na sayo ƙaramin littafin Chandalabhikshuki da ba zan iya karantawa ba, kuma abokina ya yarda zai riƙa fassara min shafi ɗaya kullum bayan isha'i, in ni kuma zan dafa masa shinkafa da wake ranar Lahadi.