Yadda Muke Kare Itatuwanmu Daga Wutar Daji

Gonar mangwaro da kashu da nake kula da ita tana yammacin Kaduna, a gefen hanyar da ta tashi daga Mando ta nufi Birnin Gwari, kusa da dajin gwamnati na Afaka. Duk mai itatuwa a wannan yanki ya san cewa daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba har zuwa saukarsa a Afrilu ko Mayu, hankalinsa ba ya kwanciya saboda wuta. Mutane sun fi ambaton hunturu, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas, amma a abin da na gani, kwanakin da suka fi hatsari su ne daga Fabrairu zuwa farkon bazara, lokacin da gamba ta bushe ƙayau, ganye ya zube ya yi tuli, manoma kuma suka shiga sharar gona suna ƙona tattaka a cikin iska mai saurin juyawa.

Ban taɓa ganin wutar da ta tashi da kanta a dajinmu ba. Kowace wuta akwai hannun da ya kunna ta, kuma sau da yawa mai hannun yana da buƙatar da ya sani. Maharbi yana son ya koro gafiya da zomo, makiyayi yana son sabon toho ya fito wa shanunsa, mai ɗiban zuma yana shiga da bakin wuta don ya kori ƙuda, mai gawayi kuma yakan bar raminsa yana hayaƙi ya tafi gida. Wannan ne ya sa muka fara da zama da mutane kafin mu ɗauki adda.

Mai Unguwa ne ya kira zaman farko a ƙofar gidansa, aka gayyato Sarkin Baka da Arɗo. Na ce wa Arɗo, “Baba, ba mu zo hana ku kiwo ba, mun zo ne mu roƙi a tsayar da lokacin ƙuna.” Ya amsa mini da cewa, “Ɗana, saniya ba ta cin busasshen kara har damina, amma idan za ku nuna mana inda za mu ƙona, mu ma ba ma son asarar kowa.” A kan haka aka tsaya: duk mai son sa wuta zai sanar da Mai Unguwa da maƙwabtansa, zai yi da sassafe ko da yamma liƙis lokacin da iska ta lafa, kuma ba zai bar wurin ba sai ta mutu.

Aikin da ya fi ɗaukar ƙarfinmu shi ne share hanya kewaye da gonaki a watan Nuwamba, tun ciyawa tana da sauran danshi. Mukan yi gayya da adda da fartanya da manjagara, mu nome fili mai faɗin kamar mita 5 har ƙasa ta fito fili, mu janye ciyawar nesa da itatuwa. A gefen da iska take shigowa mukan ƙara faɗi, domin tartsatsi yana tsallake siririyar hanya, musamman kusa da itatuwan turare waɗanda ganyensu yake da mai. Daga nan sai mu ƙona ciyawar da ke bayan hanyar kaɗan-kaɗan. Wutar Nuwamba tana tafiya a hankali, tana barin tsibi-tsibin ɗanyar ciyawa, mutum yana iya binta da reshe a hannu. Wutar Maris kuwa takan haura sama da tsayin mutum, ta cinye dashen da aka yi shekaru ana ba shi ruwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kaɗanya da ɗorawa. Manyansu suna jure wuta saboda kaurin ɓawonsu, sai mutane su ɗauka ba a yi ɓarna ba, alhali a cikin rani suke fure, kuma idan harshen wuta ya lashe furen, matan da suka dogara da man kaɗe da daddawa su ne za su ji a jikinsu. Ƙananan da suke tasowa kuwa mutuwa suke yi. Ƙasar ma ragewa take yi, domin tokar da manomi yake murna da ita ba ta kai darajar ganyen da zai ruɓe ya zama taki ba.

Idan wuta ta ɓalle duk da haka, ba ma tsayawa a gabanta, ba ma kuma hawa tudu a samanta, domin ta fi gudu idan tana hawa. Mukan bi ta gefe da ɗanyun rassa muna dukan gindinta, masu injin feshi na goyo suna biye da ruwa, yara kuma a mayar da su gida. Bayan ta lafa sai mu zagaya kututture ɗaya bayan ɗaya muna rufe su da ƙasa, saboda busasshen kututture yana iya kwana yana ci a ciki, iskar tsakar rana ta sake hura shi washegari.