Ashe ɗamara biyu ce

Jama'a, yau dai na huta. Mako uku ke nan ina fama da wani ɗan ƙwaro mai siffar ganga, wanda sai da madubin ƙara girman abu ake ganinsa, da na ɗebo a ruwan kududdufi. Na rubuta Monodinium a littafina, na soke, na sake rubutawa. Ashe Didinium nasutum ne.

Duk rigimar a kan ɗamara take. Monodinium ɗamara ɗaya gare shi, wato zoben ƙananan gashin da yake iyo da su, Didinium kuwa biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a tsakiya. Faɗa da baki ba wuya, amma wa zai tsayar da shi ka ƙirga? Juyi yake kamar katantanwa, kafin ka daidaita madubi ya ɓace. Na sa zaren auduga, ya bi ta tsakani ya wuce. Na ɗiga metil selulos, wani ruwa mai kauri da ke rage musu gudu, hannuna ya zarce, ya motse. Haushi ya sa na sauko da idon madubin mai ninki 40 da ƙarfi, gilashin ya fashe, idon ya karce. Kuɗin sabo har yanzu yana min ciwo.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe haƙuri ne. Na bar ruwan ya riƙa ƙafewa har murfin gilashin ya ɗan danne shi, na rage haske, na karkato shi ta gefe. Sai ga ɗamara ta biyu tana kaɗawa. Wallahi sai da na yi ihu.

Darasin da ya fi ba ni kunya shi ne na daɗe ina haɗa irin waɗannan ƙananan halittu rukuni ɗaya bisa kamanninsu da abin da suke ci. Lacrymaria mai dogon wuya bai yi kama da wannan ganga ba ko kusa, amma dukansu 'yan rukunin Haptoria ne a ajin Litostomatea, masu kibau na dafi a gefen baki. Coleps ma yana cin nama, ajinsa kuwa daban, Prostomatea. Gashi kaɗai bai isa shaidar cewa halitta tana cikin dangin masu gashin nan ba, sai an ga cibiyar ƙwayar halitta iri biyu, babba da ƙarama. Protista, sunan da masanin halittu Haeckel ya raɗa wa irin waɗannan ƙananan halittu a 1866, kwandon tarkace ne. Didinium ya fi kusa da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a kan amiba, domin shi da ƙwayar zazzaɓin 'yan rukunin Alveolata ne, ban da amiba.

Yanzu kuma sabuwa ta taso. Didinium ɗin sun cinye Paramecium ɗina kaf, wato ƙananan halittun da suke ci, sun fara dunƙulewa cikin ɓawo. Wanda ya taɓa tayar da su daga nan, kwana nawa ya ɗauke shi?